James Brown ko George Clinton: faifan wa ya fi tasiri a filin rawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin James Brown da George Clinton wanne ne tsofaffin faya-fayansa na fank, wato wani salon kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka, suka fi barin gado a kiɗan da ake sawa a gidajen rawa yau. Ni dai a wurina James Brown ne. Amma Clinton ba kanwar lasa ba ne, kuma abin da kowannensu ya bari daban yake, don haka bari mu ajiye su kusa da juna mu duba.

Abin da Brown ya yi tun farko shi ne sauya inda nauyin kiɗa yake sauka. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. A yawancin waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka na lokacin, ƙarfin yana kan biyu da huɗu, inda ake tafi. Shi kuwa sai ya ce kowa ya dira kan ɗaya. An fara jin haka a "Papa's Got a Brand New Bag" a 1965, abin ya nuna sosai a "Cold Sweat" a 1967. Jitar Jimmy Nolen ta daina rera waƙa ta koma ƙyas-ƙyas tamkar ganga, mabusa kuma suna sako busa gajeruwa su yi shiru. Zagaye guda ake ta maimaitawa, mintuna na wucewa ba a sauya hanya ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan rawa ya san wannan maimaicin ne ke riƙe ƙafa. Kuma Brown ba ya wasa da horo: makaɗin da ya kuskure bugu a kan dandamali tara ake cin sa.

Gidan Clinton kuwa ba haka yake ba. Daga shagon aski ya taso a Plainfield ta jihar New Jersey, ya tara makaɗa da mawaƙa rututu a ƙarƙashin sunaye biyu, Parliament da Funkadelic, kowa da irin shigarsa. A 1976 har kumbon wasa ake saukowa da shi kan dandamali ya fito daga ciki. Kiɗansa ya fi kauri, ya fi jan jiki, muryoyi a kan muryoyi.

Wannan bambancin na kauri shi ya raba makomarsu a hannun masu saka faifai, kuma nan ne zancen yake.

Ɗauki "Funky Drummer", wanda aka naɗa a Cincinnati a watan Nuwamban 1969. Ana cikin kiɗa sai Brown ya gaya wa sauran makaɗa su janye idan ya ƙirga huɗu, a bar mai ganga shi kaɗai. Ya ƙirga, kowa ya ɗauke hannu, sai Clyde Stubblefield ya rage. Abin bai fi daƙiƙa ashirin ba. Hannunsa ɗaya na kan farantin ƙarfe na jikin gangunan yana ta zuba ƙanana-ƙananan bugu a jere, ɗayan kuma na taɓa ƙaramar ganga a hankali tsakanin manyan bugu, kamar yana raɗa, ƙafarsa na dannawa daga ƙasa. Bai yi wani bajinta na nuna kai ba, ya dai riƙe abin da yake yi bai motsa ba. Lokacin da faifan ya fito a 1970 bai yi wani tashe na a-zo-a-gani ba. Sai da aka sake fitar da shi a 1986 cikin tarin "In the Jungle Groove", daidai lokacin da na'urorin yanko sauti suka shiga hannun matasa, sannan wannan ɗan gutsuren ya bazu ko'ina. Public Enemy sun ɗora "Fight the Power" a kansa a 1989, LL Cool J ma ya yi amfani da shi a 1990.

Tun kafin na'ura ma, a unguwar Bronx ta New York, DJ Kool Herc, wanda aka haifa a Jamaika, ya lura cewa matasa sun fi haukacewa da rawa a daidai wurin da waƙa ta tsaya ganga ta rage. Daga 1973 ya riƙa ɗora faifai iri ɗaya guda biyu, wannan na ƙarewa ya saki wancan, gutsuren daƙiƙu ya zama na mintuna. Faya-fayan Brown na cikin waɗanda ya fi dogara da su. Haka kuma "Think (About It)" na Lyn Collins, wanda Brown ya shirya a 1972: gangarsa da ɗan ihun da ke ciki su ne ƙashin bayan waƙar rap ta "It Takes Two" a 1988, daga baya masu kiɗan jangul, wani kiɗan rawa mai saurin gaske, a Ingila suka ƙara masa sauri suka yayyanka shi yadda suke so.

A faifan Clinton da wuya ka sami ganga tsirararta haka. Ko'ina akwai wani abu a kai. Don haka abin da aka ɗiba a wurinsa shi ne amshi da kuma sautin ƙasa, wato bas. A nan kam dole a sara masa. A waƙar Parliament mai suna "Flash Light", wadda ta hau saman jerin waƙoƙin baƙaƙen fata a 1978, ba jita ce ta buga bas ba, Bernie Worrell ne ya fitar da shi daga na'urar Minimoog, sauti mai kauri yana lanƙwasa yana zamewa. Wannan ya nuna wa duniya cewa na'urar lantarki na iya girgiza ƙirjin mai rawa. Matasan yankin Detroit irin su Juan Atkins da Derrick May, waɗanda suka kafa tekno, kiɗan rawa na na'urorin lantarki, sun taso suna jin Clinton da Jamusawan Kraftwerk a shirin rediyo guda, kuma ba su taɓa ɓoye cewa daga nan suka sha ba. A Los Angeles, Dr. Dre ya gina "The Chronic" a 1992 kan irin wannan sautin, Snoop Dogg kuma ya ari amshin waƙar Clinton ta "Atomic Dog" a 1993. De La Soul ma daga faifan Funkadelic na 1979 suka samo "Me Myself and I". Idan zancen kiɗan da ake sawa a mota ana tafiya a hankali ne, Clinton ya sha gaba.

To me ya sa duk da haka na zaɓi Brown? Saboda shi kansa Clinton daga rijiyar Brown ya ɗebi ruwa. A 1970 makaɗan Brown suka juya masa baya kan batun kuɗi, sai ya ɗauko wasu yara daga Cincinnati, cikinsu har da Bootsy Collins, matashi ɗan shekara 18 mai jitar bas. Da su aka naɗa "Sex Machine". Da su kuma ya zo Legas a ƙarshen shekarar, inda suka je suka ga Fela Kuti da mai gangarsa Tony Allen, Bootsy ya daɗe yana ba da labarin yadda abin ya girgiza su. Bai fi shekara guda a wurin Brown ba, amma ya fita da darasin dira kan ɗaya, kuma da shi ya shiga gidan Clinton a 1972. Zuwa 1975 Maceo Parker da Fred Wesley, manyan mabusan Brown, su ma sun koma can, busarsu ce ake ji a faifan Parliament mai suna "Mothership Connection".

Abin da ke ci mini rai a duk labarin nan shi ne Stubblefield. Sunan Brown kaɗai aka rubuta a matsayin mai waƙar "Funky Drummer", don haka ɗaruruwan faya-fayan da suka yanki gangarsa ba su kai masa kaso ba. Ya ci gaba da kaɗa gangarsa a ƙananan wuraren shaƙatawa na garin Madison a jihar Wisconsin, ya sha fama da ciwon ƙoda, ya rasu a 2017. In za ka nemi faifan ka saurara, nemi doguwar naɗar da ta haura minti tara, ka jira har bayan minti na biyar inda Brown zai ƙirga huɗu.