Sharhi kan takardar tarihin sunan MacGregor da ake sayarwa a Edinburgh

A shagunan tsaraba da ke titin Royal Mile a Edinburgh ana sayar da takardu masu kauri ɗauke da tarihin sunayen zuri'o'in Scotland, kowace da tambari a samanta. Wadda na duba ta MacGregor ce, kuma ta fuskar bugu ba ta da makusa, domin rubutun ya fito tsaf. Ta kuma faɗi daidai cewa sunan yana nufin ɗan Gregor a harshen Gaelic, kuma tushen dangin yana wajajen kwarurukan Glen Orchy da Glenstrae a yammacin Scotland.

Inda ta gaza shi ne shekarar 1603, wadda ta taƙaita a jimla ɗaya alhali nan ne zuciyar labarin. Bayan MacGregor sun fatattaki dangin Colquhoun a yaƙin Glen Fruin, gwamnatin Sarki James na Shida ta haramta sunan baki ɗaya, ta yadda duk wanda ya ƙi sauya shi hukuncinsa kisa ne. A 1604 aka rataye shugabansu, Alasdair na Glenstrae, a kan wannan titi da ake cinikin takardar a yau. An ɗage haramcin a 1661, aka maido da shi a 1693, kuma bai kau gaba ɗaya ba sai 1774. A tsawon wannan zamani mutanen sun fake da sunaye irin su Murray, Drummond da Graham, har Rob Roy, shahararren gwarzon dangin MacGregor, da kansa ya riƙa amfani da Campbell, sunan dangin mahaifiyarsa. Rage wa wannan tarihi nauyi, a ganina, rashin adalci ne ga waɗanda suka sha wuyarsa.

Tambarin ma yana iya ruɗar mai saye, domin a dokar Scotland tambari mallakar mutum ɗaya ne ba ta duk mai sunan ba, kuma kotun Lord Lyon ce ke kula da rajistarsa tun 1672.

Takardar ta dace da adon bango, amma ba za ta nuna wa kowa kakanninsa ba. Mai neman salsalarsa gara ya nufi shafin intanet na ScotlandsPeople, inda ake samun rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati daga 1855, da littattafan coci da suka girme ta, yana lura cewa mai yiwuwa kakan nasa yana rubuce da sunan aro.