Sharhi Kan Zaman Warkar da Raunin Zuciya na Masu Makoki a Mubi

Tun bayan da Boko Haram ta mamaye Michika a watan Satumba na 2014, ta kuma shiga Mubi a ƙarshen Oktoba na wannan shekarar, majami'u da dama a arewacin Adamawa suka fara shirya zaman warkar da raunin zuciya domin waɗanda suka rasa nasu. Na halarci irin wannan zama da wata ƙungiyar ekklisiya ke gudanarwa a Mubi, kuma a ganina ya cancanci a je, ko da yake akwai gyara. Ba a karɓar ko sisi, ana ba da abincin rana, kuɗin mota ne kawai ke kan mai zuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu jagorancin ba su yi gaggawar bayyana dalilin wahalar kowa ba. Mun saba a zaman makoki a ce da mutum ya yi haƙuri, nufin Allah ne, magana ce mai kyau, amma sau da yawa takan rufe bakin mai baƙin ciki tun kafin ya buɗe shi. A nan kuwa an raba mu bibbiyu, aka ce kowa ya tambayi ɗan'uwansa abin da ya faru, da yadda ya ji, da abin da ya fi yi masa wuya, sannan ya yi shiru ya saurara. Wata dattijuwa ta zumuntar mata da ke kusa da ni ta daɗe tana murza bakin mayafinta ba ta ce uffan ba, mai jagorar ma ba ta matsa mata ba, ruwa kawai ta miƙa mata ta ce, "Mama, ba sauri muke yi ba."

Wannan tsari yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, kuma sun nuna shi dalla-dalla. Abokan Ayuba uku, wato Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce masa komai, sai da suka fara neman laifin da ya jawo masa masifa ne suka ɓata rawarsu da tsalle, har a sura ta 42 ta Littafin Ayuba Ubangiji ya yi fushi da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba. An karanta Zabura ta 13, inda Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu, da Zabura ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da yabo ba. Daga nan aka ce kowa ya tsara nasa kukan ga Allah. Ga mutanen da suka taso da tunanin cewa yi wa Allah tambaya rashin bangaskiya ne, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman maza, waɗanda al'ada ta hana su zubar da hawaye a bainar jama'a alhali Yesu da kansa ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru.

Inda aka gaza shi ne darasin gafara, wanda aka kawo da wuri. Gafara umarni ce ga Kirista, babu musu, amma matar da har yau ba ta ga gawar mijinta ba tana bukatar lokaci, kuma na lura wasu sun amsa da baki ne kawai don kada a ce sun ƙi maganar Allah. Haka kuma takardun da aka raba da Turanci suke, ana fassarawa a tsaye, ga shi yawancin gwaurayen ba sa karatu, ya kamata a ba su dama su rera kukansu da Hausa ko Margi ko Kamwe maimakon rubutu.

Wanda zai je ya sani cewa wannan zama ba asibiti ba ne. Idan mutum ya daina barci, ko yana firgita da ƙarar babur, ko yana maganar kashe kansa, a haɗa masa da ganin likita, misali a asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Maiduguri, kuma ya dace masu shirya zaman su riƙa faɗin haka tun ranar farko.