A Wales ba a sauya tayarod sai an ga inda ya ci

A Ingila da Wales da Scotland, kusan duk motar da ta cika shekara 3 sai an kai ta gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT. Tun 1960 ake yinsa. Gwamnati ce ta yanke kuɗin, ba ya wuce fam 54.85 ga motar hawa, kuma duk abin da mai gwaji ya gani sai ya shiga kwamfuta. Kowa zai iya rubuta lambar motarka a shafin gwamnati ya karanta tarihinta, har yawan tafiyar da ta yi daga shekara zuwa shekara. 'Yan uwa masu yawan tambayata farashin Prado da Hilux a nan, yau labarin ƙafar mota na kawo muku, don abin da na gani a gwajin bana ya tsaya mini a rai.

Aikina duba shanu ne a gonakin tsakiyar Wales, galibi gwajin tarin fuka. Ana yi wa saniya allura a fatar wuya, bayan awa 72 a dawo a duba kumburi, saboda haka kowace gona zuwa biyu ce. Gonakin nan a kan tuddai suke, hanyarsu duwatsu ne da taɓo da zaizayar ruwa. Shi ya sa na sayi tsohuwar Land Cruiser, irin wadda muke ce wa Prado a gida. Cikin hunturu ta fara wata ƙara a ƙafar gaba ta hagu: ƙwas guda idan ta faɗa rami, kuma bugun yana zuwa har tafin hannuna ta sitiyari. Na buga wa gareji waya, aka ce ba gurbi sai mako na sama. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya a ƙasar nan, makaniki ba ya ganuwa sai an ba ka rana. Tunda lokacin gwajinta ya yi, na ce a haɗa gaba ɗaya.

An ware wa mai mota wurin tsayawa ya yi kallo, amma ba ya sa baki. Mai gwajin dattijo ne mai furfura. Ya hau da motar kan injin ɗagawa, tayoyin gaba suka zauna a kan wasu faranti biyu na ƙarfe. Ya shiga ƙarƙashi riƙe da tocila mai maɓallai. Yana dannawa sai farantan suka shiga fizgar tayoyin, hagu da dama, gaba da baya, da ƙarfin da hannun mutum ba zai kai ba, shi kuma yana bin gaɓoɓin ƙafar da haske ɗaya bayan ɗaya. Ko noti ɗaya bai kwance ba, don doka ba ta yarda a kwance komai lokacin gwaji ba. Kafin wannan ya zauna a kujerar direba ya girgiza sitiyarin a hankali yana leƙen taya. Ashe har wasan sitiyari suna da ma'auni a rubuce: a sitiyari mai faɗin milimita 380, idan mai rak ne, wato sanda mai haƙora da sitiyari ke turawa hagu da dama, kada ya juya fiye da milimita 13 kafin taya ta motsa, idan tsohon tsari ne mai akwati, irin na tsofaffin Land Cruiser, an ba shi har milimita 75.

Takardar da ya miƙo mini ta ce motar ta faɗi. Tun watan Mayun 2018 sun kasa lahani kashi uku: ƙarami, babba, da mai haɗari. Robar boljoyin na ƙasa, wato gaɓar da taya ke karkata a kanta, ta yage, datti na shiga, wannan babba ne. Kan tayarod na hagu kuwa, wato bakin sandar da ke kai motsin sitiyari zuwa taya, ya rubuta shi a mai haɗari. Ma'anarsa motar ba za ta hau titi ba sai an gyara, kuma wanda aka kama yana tuƙa irinta tararsa na iya kai fam 2,500, da maki 3 na laifi a lasisinsa, ana ma iya hana shi tuƙi. Ga shanu an tara mini a wata gona tun safe, ga ni a bakin gareji ina ba mai gonar haƙuri ta waya, wata tsohuwa da ƙaramar motarta ta karɓi takardar cin gwaji ta wuce ni. Raina ya ɓaci. Na ce masa motar nan fa da ƙafarta ta zo, kuma jiya ma ta hau tudu ta sauko lafiya.

Bai yi musu da ni ba. Da ya rufe gwajin a kwamfuta sai ya yafito ni. Nauyin motar yana kan tayoyinta, inji a kashe, ya sa yaron gareji ya riƙe sitiyari yana kaɗa shi hagu da dama, kaɗan-kaɗan amma da sauri. Ya kama hannuna ya ɗora a kan tayarod ɗin dama, tafina ya rufe gaɓar. Shiru, sandar da ƙarfen da ke riƙe taya suna tafiya tare. Muka koma hagu. Nan na ji ƙwas ɗin nan da na saba ji a hanya, yanzu a cikin tafina: sandar na fara tafiya, sai ta ɗan yi gaba sannan taya ta bi ta. Gaɓar nan dunƙulen ƙarfe ce a cikin gurbi, kamar kan ƙashin cinya a ƙugu, giris a ciki, roba ta rufe. Robar na yagewa giris ya fita, ruwa da yashi su shiga, su yi ta goge ƙarfen har gurbin ya yi masa yawa. Ranar da dunƙulen ya fice, tayar nan ba ruwanta da sitiyari kuma, inda ta ga dama za ta nufa. Ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara, na ga dunƙulen yana ɗagowa daga mazauninsa. Jikina ya yi sanyi, don gangaren da nake saukowa kullum gefe ɗaya kwari ne.

Na yi masa tambayoyi, bai gaji ba. Ya ce kowace ƙara tana da inda take fitowa, kuma akasari ba a buƙatar farantan nan. Ɗaga taya da jak, ka kama ta hagu da dama ka girgiza: in ta yi wasa, nemi tayarod, na waje ko na ciki da ke ɓoye cikin robar rak. Kama ta sama da ƙasa: in ta yi wasa, ko boljoyin ko boris, wato abin da taya ke mirginawa a kansa. Don a rarrabe, wani ya taka birki ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ne. Yana nan, boljoyin ne. Ƙaramar ƙara mai yawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal a kan burji, wadda ba ta zuwa hannu, yawanci daga sandar da ke hana mota kwanciya a kwana take, ko linkej ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ta da ƙafa, ko bushin ɗinta, wato robar da take zaune a ciki, kuma shi ne mafi araha a ƙafar duka. Bugu ɗaya mai nauyi sa'ad da aka taka birki ko aka tashi, bushin ɗin lowa am, wato hannun ƙasa da ke riƙe taya. Ƙas-ƙas-ƙas idan an karya sitiyari har ƙarshe ana tafiya, wannan shaf ne, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ba ruwan tayarod. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, ya sauya murya a kwana, boris. Motoci masu gatarin gaba guda, irin Land Cruiser 70 da 80, suna da wata sanda da ke riƙe gatarin kada ya yi gefe. Idan bushin ɗinta ya mutu, mota na faɗa rami da gudu sai gaban duka ya kama rawa. Ya ce da yawa sukan sauya ɗan shokazoban sitiyari, rawar ta lafa, ciwon kuwa yana nan a ɓoye.

A nan ne na tuna gida, takaici ya kama ni. Duk abin da dattijon nan ya nuna mini, ban da farantan, mutum biyu ne da jak da guntun ƙarfe da tocila. Wane gareji ne a Kano ko Zariya ba shi da su? Amma ka kai mota ka ce tana ƙara, kafin a durƙusa an yanke hukunci: Alhaji, shokazoba ne. A sauya, ƙara na nan. A ce to linkej ne. Haka za a bi ƙafar ana saye ana zubarwa har a dace. Mu masu mota ma ba mu tsira ba. Mu ne masu cewa a lallaɓa ta tukuna sai ƙarshen wata, mu ne masu cewa a yi mata dabara. Dabarar kuwa kowa ya san ta: a ɗora kan tayarod a dutse a bubbuge gurbin da guduma har ya matse, ko a cusa masa roba, ko a ɗana masa walda, a sa ƙusa a madadin fin. Ƙarar ta ɗauke, a ce an gyara. A Wales kuwa, walda ko gasa ƙarfen sitiyari da wuta kaɗai ya isa ya kayar da mota a gwaji, domin ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa ko da ido bai gani ba. Sau nawa muka wuce mota a gefen titi, tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ciki, muka ce Allah ya kiyaye muka yi gaba? Allah yana kiyayewa, amma wannan taya ta yi watanni tana kira kafin ta fita. Takardar lafiyar mota kuma da yawanmu muna karɓarta motar na ajiye a gida.

Duk da haka, da aka zo lissafi na yi kewar makanikinmu. Kuɗin aiki a nan awa-awa ake ƙirgawa, sannan a ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan komai. Kuɗin hannu ya fi kuɗin kayan nesa ba kusa ba. Gishirin da suke watsa wa tituna saboda ƙanƙara ya cinye notuna, abin da yaro zai kwance a Kano cikin minti kaɗan a nan sai an yi ta fama da tsatsa, agogo kuma na tafiya a kan aljihunka. Robar boljoyin ce ta yage, amma suka ce gaba ɗaya za su sauya, tunda ƙasa ta riga ta shiga. A Ƙofar Ruwa ko Panteka da robar kaɗai za ka saya, ka zauna a benci ƙarƙashin bishiya, a kawo maka ruwa, ana aiki ana hira, kafin la'asar ka tafi da motarka. Akwai makanikai a gida da kunnensu ya fi na'ura, wanda zai zagaya layi ɗaya da kai ya gaya maka abin da ke damunta, kuma ya faɗi daidai. Irin waɗannan hannunsu ba ya kasa na kowa. Abin da suka rasa shi ne mai mota da zai yarda a saya mai kyau, da kuma wanda zai ce wannan ba za ta fita ba.

Yadda aka ɗaura sabon ma abin kallo ne. Sun ƙirga zagayen da tsohon kan tayarod ya yi kafin ya fita, suka mayar da sabon daidai haka. Sabon noti suka sa, suka ɗaure da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai ƙarfin da kamfani ya rubuta. Daga nan aka hau da ita injin alaimen, domin duk wanda ya taɓa tayarod ya taɓa saitin taya, in ba a gyara ba gefen taya zai cinye cikin ɗan lokaci. Aka ba ni takardar awon, na da da na yanzu, aka kuma sa tsofaffin kayan a leda aka ajiye mini a bayan mota ba tare da na tambaya ba.

Ƙanena yana da Hilux da yake shiga ƙauyukan Jigawa da ita ranakun kasuwa, cike da buhuna da mutane a kai. Da na tambaye shi ya ce ita ma tana ɗan magana a gaba tun bayan damuna. Na saya masa kan tayarod biyu da boljoyin na asali, na ba wani mai tafiya gida, duk da nauyinsu a jaka. Sharaɗina shi ne kafin a kwance komai ya kwanta ƙarƙashinta da kansa, ya sa tafinsa a kowace gaɓa, yaro na kaɗa sitiyari, ya kira ni ya gaya mini wacce ta buga.