An rubuta maka tikiti a Texas? Ga kwas ɗin tuƙin da ya dace ka shiga

Yawancin 'yan uwanmu da ke Houston da Dallas, da ɗan sanda ya miƙa musu tikitin gudu sai su zaro kati su biya tara don a wuce wurin. A dokar Texas kuwa biyan tara amsa laifi ne. Laifin zai hau kan rikodin tuƙinka, kamfanin inshora zai gani lokacin sabunta yarjejeniya, kuɗin da kake biya duk wata ya tashi. Mai aikin Uber ko Lyft kuma ya san ana duba wannan rikodin. Biyan tara kai tsaye ba zaɓi ba ne a wurina.

Doka ta buɗe wata ƙofa: kwas na awa 6 kan tuƙi cikin kiyayewa, wanda a nan ake kira defensive driving. Ka nemi izinin kotu kafin ranar da aka rubuta a tikitin ta wuce, ka nuna lasisin Texas da shaidar inshora, ka biya kuɗin kotu, a ba ka kwana 90 ka kawo satifiket tare da rikodin tuƙinka nau'in 3A (cikakken rikodi mai tabbacin hukuma) daga DPS, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi a Texas. Kana kawowa sai a soke tikitin. Sau ɗaya ake samun wannan dama cikin wata 12. Wanda ya haura iyakar gudu da mil 25 a awa ko fiye, ko ya wuce motar 'yan makaranta tana tsaye tana sauke yara, ko aka kama shi inda leburori ke gyaran titi, babu rabonsa. Haka masu lasisin manyan motoci na CDL, ko da a ƙaramar motarsu ta gida aka tare su.

Lauya? Sai in laifin ya fi ƙarfin kwas. Akwai kuma tsarin da alƙali ke ɗage hukunci ya sa maka ido na wasu watanni, to amma wannan a hannun alƙali yake, kuma ka sake laifi a tsakanin, komai ya rushe.

Saura biyu: kwas ta intanet ko kwas a aji. Ni na aji nake zaɓa wa kowa, musamman wanda bai daɗe da zuwa Amurka ba.

Ajin kan zama ranar Asabar, a ɗakin taro na wani otal ko gidan abinci. Ka shiga da safe, kafin la'asar ka fito ka gama. Babu gobe zan ƙarasa, kuma wannan goben ita ke cinye kwana 90 na mutane. Malami na gabanka da ransa. Ka tambaye shi wa ke da hakkin wucewa a mahaɗar da kowane ɓangare ke da alamar tsayawa, ko yaushe ake juyawa dama jar wuta na kunne, ko me za ka yi in ka tarar da motar 'yan sanda a gefen hanya fitilunta na walƙiya. Wanda ya koyi mota a Kano ko Maraɗi hannunsa ya faɗa, ba wanda zai raina masa iya tuƙi, ƙa'idojin nan ne dai ba irin na gida ba, kuma su ke jawo tikiti na biyu. Wasu azuzuwan ma masu barkwanci ne ke koyarwa, har da abincin rana a cikin kuɗin. Barkwancin Amurkawa ba lallai ya ba ka dariya ba, sai dai yana hana gyangyaɗi. Abin da ya fi komai a wurina: akwai mutum da adireshi da za ka koma wa in satifiket ya yi jinkiri. Ka dai tambaya tun kafin ka biya, yaushe zai iso kuma ta wace hanya.

Na intanet ya fi araha, kana iya yi a waya, shi ke nan amfaninsa. Agogo ne ke tsare ka a kowane shafi, kana kallon allo kamar mai jiran gawon shanu.

A can ne kuma 'yan damfara suka yi sansani. Dokar Texas ta hana a sayar da wannan kwas ƙasa da dala 25, saboda haka duk tallan da ya ce dala 10 ko kyauta, akwai lauje cikin naɗi. Wasu kuma su rubuta 25 ɗin da manyan haruffa, sai ka gama awa 6 ɗinka su fito da kuɗin sarrafa takarda da kuɗin aikawa cikin gaggawa. Wani kamfani ya yi mini haka, ya riƙe satifiket ɗina har sai da na biya fiye da kuɗin kwas ɗin kansa. Tun daga nan tambayata ta farko ga kowace makaranta ita ce nawa ne duka-duka, har takarda ta shigo hannuna. In suka fara kewaye-kewaye, na yi gaba.

Tambaya ta biyu, lambar lasisin makarantar. TDLR, hukumar lasisin sana'o'i ta jihar Texas, ce ke ba da izini, kuma tana da shafin da za ka duba sunan da kanka. Kada tambarin da aka manna a shafin kamfani ya ruɗe ka, kowa na iya manna hoto. Kwas ɗin wata jiha ma ba zai yi maka aiki ba. Na New York, alal misali, rage har maki 4 daga makin laifin da ake lissafa wa direba yake yi da kashi 10 cikin 100 na kuɗin inshora tsawon shekara 3, ba ya soke tikiti, kotun Texas kuma ba ta san da zamansa ba.

Sai masu tallan za su zauna maka kwas ɗin, ko su kawo satifiket ba karatu, a zaurukan WhatsApp. Wallahi ka guje su, ko da ɗan garinku ne. Miƙa wa kotu takardar jabu laifi ne da ya ninka tikitin gudu nesa ba kusa ba, balle ga mai jiran takardun zama. Akwai kuma saƙonnin tes da ke cewa daga hukumar motoci ta DMV suke, wai ka biya tara yau ko a dakatar da lasisinka. DMV ta Texas rajistar motoci take yi, ba ta karɓar tarar tikiti, lasisi kuwa a hannun DPS yake. Kotun da sunanta ke jikin tikitinka ita kaɗai za ka biya.

Rikodin 3A ma ka saya da kanka daga DPS. Makarantu kan ce za su nemo maka, su ɗora nasu a kai.

In satifiket ya zo, kwafi biyu ne, na kotu da na inshora. Ka sa hannu a na kotu, ka miƙa kafin wa'adi, ka karɓi shaidar sun karɓa. Ɗayan ka tura wa kamfanin inshorarka, domin wasunsu na yin ragi, amma sai ka nema.