Ryzen 5 5600 da RX 6600 a Gusau: sharhi bayan bazara da hunturu

Haɗin kwamfutar wasa da nake magana a kai shi ne furosesa Ryzen 5 5600, katin hoto RX 6600 mai giga 8, madabod B550, ram DDR4 giga 16, ma'ajiyar fayiloli ta SSD na NVMe mai tera 1, da fawa-fak (mai raba wa kayan wuta) mai wat 550. Ya ga bazara ya ga hunturu a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki. Ga mai allon 1080p da ke buga ƙwallo a EA Sports FC ko eFootball, ko yana yawo a GTA V, wannan ya wadatar har da saura.

Kuɗi mafi tsoka katin hoto ya kamata ya ci. RX 6600 wat 132 kawai yake ja, waya ɗaya mai fil 8 ta ishe shi, shi ya sa ya dace da inda inji da batir ke ɗaukar rabin nauyi. In na hannu za ka saya, kar ka biya sai an kunna shi a gabanka. A sa masa FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, na minti ashirin, ka zuba wa allo ido: ɗigo-ɗigon kore ko layuka da ke walƙiya alamar ƙwaƙwalwar katin ta gaji ce. Ka duba kan sukurorin bayansa ma, in sun ci sukundireba to an taɓa buɗe shi.

Inda mutane ke yawan faɗawa rami shi ne harafin G. Furosesa 5600 ba shi da sashen fitar da hoto a cikinsa, in babu kati allo baƙi ƙirin za ka gani. 5600G yana da shi, amma ma'ajiyarsa ta gaggawa, wato L3, mega 16 ce maimakon 32, kuma hanyar haɗa shi da kati a PCIe 3.0 ta tsaya. Mai niyyar sayen kati daga baya ne kaɗai zan ba shawarar ya ɗauki mai G. Madabod B450 ya fi araha, sai dai tsofaffin cikinsu ba sa tashi da Ryzen 5000 sai an sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod ɗin, don haka ka tambayi mai shago kafin a ɗaure kaya.

Ram kuwa sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya na 16. A madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga furosesa ake sakawa. Ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba ram cikakken gudunsa, in ba haka ba ram mai gudun 3200 ɗin da ka biya a 2133 ko 2400 zai riƙa tafiya, ba ka sani ba.

Sai maganar wuta, wadda a nan ita ce uwa uba. Fawa-fak marar suna da aka rubuta wa wat 700 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar fankon ashana, ka ajiye musu kayansu. Nemi mai shaidar 80 Plus Bronze, alamar rashin ɓarnar wuta, daga kamfanin da aka sani. Ana tsakiyar wasa duka haɗin har da allo yana kusantar wat 300, alhali UPS, na'urar riƙe wuta in an ɗauke, mai 650VA bai cika wuce wat 390 ba, da batirinsa ya ɗan tsufa sai kwamfutar ta mutu tare da wutar. Mai 1000VA zuwa sama ya fi kwanciyar hankali, kuma wanda ke ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin fawa-fak na zamani wani sa'in yakan ɗauke in aka ba shi ta kwaikwayo.

Fankar da ke zuwa cikin kwalin furosesa tana aiki, amma a Afrilu da ɗaki ya haura digiri 40 kukanta ya isa ya hana ka jin wasa. Na'urar sanyaya furosesa mai doguwar hasumiya da fanka milimita 120 ta magance wannan. Akwatin ma ka zaɓi mai raga a gaba, ba gilashi ba. Fitilu masu launi ba sa ƙara gudu ko kaɗan. Da hunturu ragar kan toshe da jar ƙura cikin sati biyu zuwa uku. A ɗora akwatin kan tebur, a riƙa hure shi da bulowa, ana riƙe da fankokin da yatsa kada su yi ta juyi su lalata kansu.