Garejin da ya gano dalilin yawon sitiyarin tsohuwar tarakta

Mafi yawan masu gyaran tarakta, idan aka kai musu ƙorafin sitiyari, akwatin sitiyarin suke fara kwancewa. Wani ƙaramin gareji da ke wajen garin Funtuwa, inda na kai tsohuwar Massey Ferguson 135 ɗinmu, bai bi wannan hanyar ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin ya cancanci yabo.

Matsalar taraktar ita ce tana yawo a kan hanya, tana kuma ja zuwa hagu, sannan bayan an sha kwana sitiyarin ba ya komawa tsakiya da kansa. Babban bakaniken ya ɗaga gabanta, ya girgiza tayoyin, ya ce kasta ce ta ɓaci. Kasta ita ce ɗan jinginar da kimfin, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, yake yi ta baya daga sama. Wannan jingina ce ke sa taya ta miƙe da kanta yayin tafiya. Idan ta ragu tarakta takan yi yawo, idan ta yi yawa sitiyari yakan yi nauyi, abin da ke gajiyar da direba a taraktar da ƙarfin hannu kaɗai ke juya ta, idan kuma ɓangarorin biyu suka bambanta sai ta ja zuwa ɓangaren da jinginarsa ta fi ƙaranci.

A irin waɗannan taraktoci, waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, babu wani noti da ake murzawa a daidaita kasta. Saboda haka sai da bakaniken ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar bushin kimfin, wato zobban da kimfin yake juyawa a cikinsu, sun cinye, hannun aksul na hagu, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ta hagu, kuma ya lanƙwashe, wataƙila saboda tsallake kunyoyi da gudu. Ya kuma gargaɗe ni cewa sanya tayoyin baya da suka fi na asali girma yakan duƙar da gaban tarakta, kasta ta ragu.

Aikin ya yi kyau, domin yanzu tana riƙe layi a lokacin huɗa. Sai dai garejin ba ya ajiye kayan gyara, don haka an jira bushin daga Kano, kuma ba a faɗi jimillar kuɗi ba sai da aka gama. Duk mai niyyar zuwa ya yi ciniki tun farko, ya kuma je kafin damina ta faɗi, lokacin da layi bai yi tsawo ba.