Amsa tsohon imel ko rubuta sabo?

Saƙo ya yi wata uku a akwati ba a taɓa shi ba, yanzu kuma maganar ta taso. Ko dai a danna amsa a kansa, ko a buɗe sabo.

Amsa a kan tsohon ta fi idan batun na nan yadda yake, kamar takardar biyan kuɗi da ake ta bibiya. Duk bayanan baya suna ƙasa, mai karɓa ba sai ya sha wahalar tono ba. Sai dai akwai tarko. Idan ka danna amsa ga kowa, saƙon zai je wa duk wanda aka sa tun farko, har da wanda ya bar aiki, ko wanda bai kamata ya ga sabon zancen ba. Duba jerin sunayen kafin ka tura. Fayilolin da aka liƙa a baya kuma ba sa bin amsa, sai ka sake liƙa su. Gmail ma yana raba zare, wato jerin saƙo da amsoshinsa, idan ya haura saƙo 100, haka nan idan an canza take.

Sabon saƙo kuwa shi ya dace idan farashi, rana ko mutanen sun canza, kuma a ganina wannan ya fi yawan kwanakin muhimmanci. Rauninsa shi ne mai karɓa kan manta asalin maganar. Don haka sa kwanan wata a take, ka taƙaita abin da ya wuce cikin layi biyu, buƙatarka ta zo a layi na uku.